Tagwayen Kurmin Sada

Ruwa ya kai wa itatuwan malmo ƙugu a safiyar da aka hango tsohuwar a tsakiyar kogi. Ta rungume masakin fito da hannu biyu, ƙullin zannuwanta a ɗaure bisa kanta, mai fiton yana iyo a gefenta yana turawa, igiyar ruwa kuma tana jan su ƙasa. Lokacin marka ne, lokacin da ko samari ba sa gigin ƙetarewa. Mutanen Marke suka taru a bakin gaɓa suna salati.

"Wallahi Iya Hassana ce!" in ji wata mata. "Hassana ta Hayi!"

Ƙanenta, Malam Gambo, yana cikin kurmi yana duba inda ruwa ya kwana lokacin da labari ya iske shi. Ko takalmansa bai tsaya ɗauka ba. Ya iso daidai sa'ad da saiwar wani ɓaure ta tare masakin can ƙasa da mashigi. Hassana ta cafki saiwar, ta ja jikinta ta haye, ruwa yana tsiyaya daga furfurarta.

"Yaya, me ya yi zafi haka? Rasuwa aka yi?"

"Ba a yi ba tukuna," ta ce, tana haki. "Bari in ɗaura busasshen zane, sannan mu gaisa kamar mutane."

Gambo ya karɓi ƙullin daga kanta, ya wuce gaba. Ya san abin da ya kawo ta. Duk garin ma ya sani.

Tun farkon daminar Mai'unguwa Inuwa ya tara magidanta a zaurensa, ya isar musu da saƙon da ya zo daga Ikara. Ƙasa ta samu mulkin kanta bara, ana kuma zaburar da ƙauyuka su tashi su yi wa kansu aiki. An ce idan Marke da Hayi, ƙauyen da ke ƙetaren kogi, za su kawo itace da ƙarfin damtse, za a aiko musu da kafinta da ƙusoshi da ƙarafan ɗauri, a gina gada a mashigin Dutse, inda kogin ya matse tsakanin duwatsu biyu. Mutanen Hayi sun fi kowa murna. Duk damina a killace suke. Barkononsu yakan ruɓe kafin ya ga kasuwar Makarfi, mara lafiyarsu kuma yakan kwanta yana jin labarin ɗakin shan magani na Ikara kamar labarin wata ƙasa.

Kafintan, wani dogon mutum mai sanyin magana da ake kira Ashafa, ya zo ya auna mashigin da igiya. Ya ce ana bukatar gungume biyu miƙaƙƙu, marasa gaɓa, waɗanda za su kwanta daga dutse zuwa dutse. Ya zaga har Furana da Saulawa bai ga irinsu ba. Wuri ɗaya kawai suke: Kurmin Sada.

Sai kowa ya juya ya kalli Gambo.

"Ranka ya daɗe," Gambo ya ce, bai ɗaga murya ba, "busasshe a ɗiba, ban taɓa hana kowa ba. Mai neman sassaƙen magani ya zo in nuna masa inda zai sassaƙa. Kanya da ɗinya na yaran gari ne. Amma gatari bai taɓa kayar da ɗanyen itace a kurmin nan ba tun mahaifina yana raye, ba kuma zai fara a hannuna ba."

"To, itace ya fi mutum ke nan?" wani ya jefo daga baya.

Gambo ya miƙe, ya gyara rigarsa, ya yi sallama ya fita. Daga ranar gaisuwar wasu ta gajarce. Shi kuwa ko a jikinsa, don a ganinsa ba su san abin da suke roƙo ba.

Lokacin da mahaifinsa Sada ya sauka a Marke, tun kafin zuwan Turawa, gaɓar nan fili ce fetal. An sare komai an yi gonaki har bakin ruwa. Kowace damina kogin yakan yagi rabonsa, har ya taɓa cinye gefen maƙabarta. Wannan yankin da kowa ya guje wa shi aka ba baƙon. Sada bai nome shi ba. Ya kewaye shi da ƙaya, ya hana awaki, ya hana wuta, ya zauna yana kallo. Aka yi ta yi masa dariya, ana cewa baƙo yana kiwon ciyawa. Bai rayu ya ga kurmin ya cika ba, amma ya rayu ya ga shekarar da kogi ya kwashe gonakin sama da na ƙasa ya bar na bayan shingensa. Tun daga lokacin dariya ta ƙare. A cikin wannan kurmi Gambo ya girma, a cikinsa ya tsufa. Idan baƙo ya tambaye shi sana'arsa, yakan ce noma, amma idonsa yana kan itatuwan.

Hassana ta sha fura, ta gaisa da matan gida ɗaya bayan ɗaya, ta tambayi jikoki da sunayensu. Da rana ta ɗan ɗaga sai ta ɗauki sandarta.

"Kai ni kurmi."

Suka shiga ta bakin ruwa. Sanyi ya rufe su nan take, tare da ƙamshin ruɓaɓɓen ganye da danshi. Hassana ta tsaya ta nuna wani tudun yashi da ambaliyar bara ta tara a kwanar kogin. Ciyawar jema ta riga ta kafa tushe a kansa, 'yan tsirrai kuma sun leƙo a tsakaninta.

"Ka ga yadda yake farawa," ta ce. "Haka Baba ya same shi. Jema ta riƙe yashi, tafashiya da giyayya su biyo baya, ba sa tsoron ruwa ya shanye su. In sun yi inuwa, tsuntsaye su sauka su kawo ɓaure da malmo a cikinsu."

"Ni za ki koya wa?"

"Ina tuna maka ne. Kana goye a bayan Inna lokacin da nake jan ƙaya ina toshe shingen nan."

Suka ci gaba. A bakin gaɓa saiwoyin malmo da na ɓaure sun saƙu da juna kamar yatsun hannu, ruwa yana dukansu yana komawa. A cikin kwari, inda ƙasa ba ta bushewa ko da rani, tukurwa da kajinjiri sun cunkushe. Da suka fara hawa tudu sai itatuwan suka canza: kanya mai baƙin jiki, ɗinya, ƙirya, da madatai masu tsayi waɗanda sai an ɗaga kai har hula ta faɗi ake ganin ƙarshensu. Can bayan duka wani tsohon rimi ya baje ƙafafunsa. Da bazara audugarsa takan tashi ta rufe kogin fari fat, ruwa ya tafi da irinsa ya dasa a duk inda yashi ya kwanta. Birai suka yi tsalle a sama, suka zubo musu da ɗigon ruwan daren jiya.

Gambo yana tafe yana dafa kututtura kamar mai gaisawa da dangi. Duk da abin da ke ransa, daɗi ya kama shi. Ba kullum yake samun wanda ya san darajar abin da yake gani ba.

Hassana ba ta tsaya ba sai a gaban wasu madatai biyu da ke tsaye kafaɗa da kafaɗa a tsakiyar tudun. Miƙaƙƙu ne sambal, ba reshe ko ɗaya sai can ƙololuwa. Sada ya tsinci tsirransu ne a shekarar da matarsa ta haifi tagwaye, Hassana da Usaina, ya kewaye su da duwatsu, ya kira su da sunayen 'ya'yansa. Usaina ta rasu tana budurwa. Itacenta bai daina girma ba.

"Waɗannan na zo karɓa," in ji Hassana.

Gambo ya ɗaga kai yana duban ƙololuwarsu.

"Da Baba ya rasu an raba gona, an raba tumaki," ta ce. "Kurmi ba a raba ba, don na ce a bar shi a hannunka, kai ne mai kula da shi. Ban taɓa tambayar ko ganye ɗaya ba. Yau na zo. Ba roƙo na zo yi ba, Gambo. Gadona na zo karɓa, nawa da na 'yar'uwata."

"Yaya, ki ɗauki rimin can."

Ta yi dariya. "Rimi? Da za ka soka masa yatsa ya shige? Damina ɗaya gara za ta gama da shi. Kada ka mai da ni yarinya."

"To, ga madaci a bakin mashigi. Shi kafintan ya fara nunawa. Yana faɗuwa ya kwanta inda ake so."

"Ka faɗa da bakinka ne kawai, zuciyarka ba ta yarda ba. Shi ke riƙe da kwanar nan. Ka taɓa shi, kogi ya shiga gonakin Marke, ya wuce zuwa maƙabartar da Baba yake kwance. Waɗannan kuwa a tudu suke. Ba gaɓar da suke riƙewa."

Gaskiya ta faɗa, shi ya sa maganar ta yi masa ciwo. Ya jingina bayansa da itacen Usaina.

"Kullum na zo nan sai in ga kamar ku biyun kuna nan," ya ce a hankali.

"Ita tana inda Allah ya ajiye ta. Ni kuwa ina Hayi, ba a cikin itace nake ba." Ta zauna a kan wata saiwa, ta ɗora sandar a cinyarta. "Ka tuna rasuwar Inna?"

"Na tuna."

"Kai ka tuna daga wannan gefen. Ni daga wancan na tuna. Irin wannan lokacin ne, ruwa ya fi na yau. Aka ƙwala mini kira daga bakin gaɓa cewa jikinta ya yi tsanani. Na zo na tsaya. Mai fito ya ce ko za a ba shi duniya ba zai shiga ba. Ina tsaye na ji kukan mata ya tashi. Ina tsaye na hango ku kun fito da makara, kun bi ta bayan kurmin nan. Ban wanke uwata ba, Gambo. Ban ga fuskarta ba. Itatuwan Baba na gani, suna kaɗawa, kore shar."

Ba ta yi kuka ba. Ta dubi hannayenta kawai.

"Yanzu ƙarfina ya ƙare. Kowace damina ina jin ta a ƙashina. In tawa ta zo da marka, ba na so ka tsaya inda na tsaya."

Gambo ya taimaka mata ta miƙe, suka koma gida. Hassana ba ta sake tayar da maganar ba. Ta zauna a gidansa tana jiran ruwa ya janye, tana taya matan ɓarar gyaɗa, tana yi wa jikoki faɗa. Shi kuwa kullum da safe sai ya tafi gindin Tagwaye ya zauna. Yakan yi fushi da ita, ya yi fushi da kafinta, ya yi fushi da masu mulkin da suka aiko da saƙo. Sannan ya tuna fuskarta lokacin da take maganar makara. A ƙarshe wani abu ne ya fi ƙarfinsa, kishin sunan mahaifinsa, wanda shi ne ya sa ya ƙi tun farko: ba zai yarda a ce ɗan Sada ya danne haƙƙin yayarsa ba.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci ya nufi zauren Mai'unguwa. Ya durƙusa ya yi gaisuwa, aka tambayi gida da gona da ruwa, sannan ya ce:

"Ranka ya daɗe, Yaya Hassana ta ba da itatuwanta biyu don gada. Nata ne, ba nawa ba. Amma a kurmin mahaifina suke tsaye, don haka ina da sharaɗi."

"Muna ji, Malam Gambo."

"Ba za a taɓa su ba sai sun zubar da 'ya'yansu na bana. Ni zan nuna inda za su faɗi. Ba za a sare ko tsinke don buɗe hanya ba, ta burtalin shanu za a ja su. Ba mai kunna wuta, ba mai shan taba a ciki. Saran farko kuma nawa ne."

Ashafa ya gyara zama. "Baba, ka yi mini afuwa. Madaci ba ya fasa 'ya'ya sai tsakiyar rani. In muka jira, itacen ba zai samu bushewa yadda nake so ba, ruwa kuma yana iya riskar mu."

"Na sani. Sai a ƙara hannu."

Kafintan ya yi ɗan tunani, ya gyaɗa kai. "To, zan fara da ɗaurin duwatsu da turakun ƙirya busassu, in ka ba ni. In gungumen sun zo, ɗorawa kawai za a yi."

"Na ba ka."

Mai'unguwa Inuwa ya yi murmushi. "Allah ya ji ƙan Sada," ya ce. Zauren ya amsa da amin, har da wanda ya yi tambayar nan daga baya.

Aka girbe dawa, aka sare rake, kogi ya koma siriri yana ratsa yashi. Kurmin ne kaɗai ya rage kore a duk faɗin karkarar. Fulani suka sauko da shanunsu ta burtali suna shayarwa a ƙasan mashigi. Gambo yana zuwa kullum yana ɗaga kai. Wata safiya ya iske ƙwallayen madacin sun tsage, iri mai fukafuki yana saukowa yana juyi a iska, yana cika ƙasa. Ya bar su suka gama zuba. Sannan ya aika a faɗa wa Mai'unguwa.

Tun da hantsi mutane suka cika bakin kurmi, na Marke da na Hayi. Gambo ya sa aka hau aka yanke kurangar da ta ɗaure Tagwaye da maƙwabtansu, don kada su ja wani su faɗi tare. Ya zaga, ya duba karkatar kowanne, ya duba inda iska take busowa, ya ja layi da sandarsa a wani rata tsakanin kanya da ɗinya. Sai ya tuɓe babbar rigarsa, ya karɓi gatari.

Hassana tana tsaye a gefe, ta yafa mayafi. Ya dube ta.

"Wanne za a fara?"

"Nawa," ta ce. "Ni na fara zuwa duniya."

Ya yi bisimilla ya sara. Ɓawon ya tsage, jan ruwa mai ɗaci ya tsatso. Ya ƙara, ya ƙara, har numfashinsa ya soma sarƙewa, sannan ya miƙa wa masassaƙa. Gatura suka yi ta amsa wa juna har rana ta take tsaka. Da itacen ya fara ƙara, kowa ya ja da baya. Ya karkata a hankali kamar mai shirin ruku'u, sannan ya tafi gaba ɗaya. Ƙasa ta girgiza. Tsuntsaye suka tashi da kururuwa. Da ganye ya gama zuba aka duba, sai ga shi kwance a kan layin sandar Gambo, bai karya wa kanya ko reshe ba.

"Kai! Kamar da hannu aka ajiye shi," in ji Ashafa.

Gambo ya ɗan ɗaga haɓa. Kafin la'asar na Usaina ya kwanta a gefen ɗan'uwansa. Rana ta faɗo cikin kurmin ta wani wagegen gibi, ta haske ƙasar da ba ta ga haske ba tun Gambo yana yaro. Ya kau da kai. Hassana ce ta je ta dafa kututturen biyu, ta yi addu'a, ta shafa.

Jan gungumen shi ne aikin da aka daɗe ana labari. An sassabe rassan, an ɗaura igiyoyin rama masu kauri, an shimfiɗa guntayen itace a ƙasa don su gangara. Ardon Fulani ya kawo bijimai ba tare da an roƙe shi ba, ya ce shanunsa sun sha inuwar Sada shekara da shekaru. Makaɗan gayya suka saki ganga. Maza suka kama igiya layi biyu, Marke a dama, Hayi a hagu, ana gasar wanda zai fara gajiya. Mata suna biye da ƙoren kunu da fura suna guɗa. Burtalin ya fi hanyar tsakiyar kurmi nisa nesa ba kusa ba, ga kwana, ga hawa. Wani saurayi ya ce da an sare 'yar giyayyar nan guda da tuni an wuce. Tun kafin Gambo ya buɗe baki wani dattijon Hayi ya daka masa tsawa:

"Ja igiya, yaro! A nan ba a haka."

Gambo ya ji maganar har cikin ransa. Yana gaba da sandarsa, yana nuna inda za a karkata, makaɗi kuma ya juya kiɗan ya koma kiran sunan Sada, baƙon da ya kiwata ciyawa har ta zama kurmi. Tsohon ya ji ƙafafunsa sun yi sauƙi. Rabonsa da taka rawa tun aurensa na fari, amma ranar an ga kafaɗunsa suna motsi.

Hadarin farko yana haɗuwa a gabas lokacin da aka ɗora gungume na biyu. Suka kwanta daga dutse zuwa dutse, har da rara. Ashafa ya ɗaure su da ƙarfe, aka jera azarar giginya a kai, aka zuba marmara aka daɓe. Ranar da aka buɗe ta, Hassana aka sa a gaba. Ta taka a hankali da sandarta, ta ƙetare zuwa gidanta, ba ta waiwaya ba.

Gambo bai ƙetare ba. Ya ce yana da aiki. Aikin kuwa a gibin nan yake. Ruwan farko ya tayar da ciyawa da kuranga masu son rana, suna neman shaƙe wurin, shi kuma yana bin su da lauje. A ƙarƙashinsu irin Tagwaye ya tsiro birjik, ganye jajaye masu laushi. Akwai kuma wasu 'yan madatai da suka daɗe a inuwa ba su wuce gwiwarsa ba. A damina ɗaya suka kai masa ƙirji. Ya zaɓi masu ƙarfi ya kewaye su da duwatsu. Ya san ba zai ga tsayinsu ba.

Da marka ta dawo, kogi ya cika ya batse kamar bara. Wata safiya aka aiko daga Hayi cewa Iya Hassana tana kwance da zazzaɓi. Gambo ya sa takalmansa, ya ɗauki ƙullin sassaƙen madaci, ya nufi mashigin Dutse. Ruwa yana ruri a ƙarƙashin gadar, ja wur, yana tafe da karan dawa da rassan itace. Gadar ko motsi ba ta yi. Ya wuce kai tsaye.

Ya iske ta zaune a tabarma, ta lulluɓa, tana yi wa surukarta faɗa a kan kunu ya yi ruwa.

"Sannu, Yaya. Ya jikin?"

"Da sauƙi. Ka jiƙe?"

"Ko tafin ƙafata."

"To," ta ce. Ta karɓi ƙullin, ta sunsuna, ta miƙa a jiƙa mata. Suka yi hira har azahar, ba wanda ya ambaci gada.

A hanyar komawa ne ya tsaya a tsakiyarta. Bai taɓa tsayawa a nan ba, don da ba wurin tsayawa. Daga nan kurmin gaba ɗaya ya bayyana a gabansa, tun daga tudun yashi mai jema har zuwa kan rimi. Kurmin ya bi kwanar kogin ya lanƙwasa, duhu a ƙasa, haske a sama, ruwa yana dukan ƙafafunsa yana wucewa. A bayan kurmin gonakin Marke suna kwance lafiya, dawa ta yi baƙi don ƙoshi. Ya nemi gibin da ido. Sai da ƙyar ya gano shi, ɗan wuri kamar inda haƙori ya fita a bakin yaro. Duk rayuwarsa a cikin kurmin ya yi ta, itace bayan itace. Bai san haka yake da girma ba.

Jakai masu kayan barkono suka zo suka raɓa shi suka wuce. A bayansu akwai wani baƙo mai tura keke, da agogo a hannu. Ya yi sallama, ya tsaya, ya bi inda tsohon yake kallo. Sannan ya sunkuya ya ƙwanƙwasa gungumen da ke gefen gadar, ya saurari ƙararsa.

"Madaci ne wannan, Baba. Mai kyau kuwa. Daga can aka samo shi?"

"Daga can."

"Ikon Allah. Ni daga Zariya nake, ina harkar katako. Da ba a iya shigowa nan, amma yanzu hanya ta samu." Ya sake duban kurmin, idonsa yana tafiya daga itace zuwa itace. "Ko ka san mai shi? Ina so in ji abin da zai iya ba ni a ciki."

Gambo ya dube shi daga hula har takalmi, ba tare da fushi ba. Sannan ya buga sandarsa a kan gadar.

"Abin da za a iya ba ka, ɗana, kana tsaye a kai. Taka ka wuce, Allah ya kiyaye hanya."

Ya gyara rigarsa, ya gangara zuwa Marke. Bai bi hanyar gida ba, ya karkata ta bakin ruwa, inda ciyawa take jiran laujensa.